Ƙwaryar Nonon da Na Kasa Mayarwa

A lokacin ni malamar firamare ce a Kwoi, mai taurin kai, a ganina babu wanda ya kai ni sanin mahaifina. Baba tsohon mai wa'azi ne, manomin citta. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sai na dawo da shi wurina ina jinya. A wani asibiti a Kafanchan likita ya yi mini bayani dalla-dalla cewa ƙodar da ta gaji ba ta iya tace wasu sinadaran madara, sai su taru a jini, don haka rabin ƙaramin kofi ya ishe shi. Na ce to, a raina kuwa ina cewa yaushe nono ya zama guba?

Baba yana da amini Bafulatani tun suna samari. Kowace safiya shi da matarsa sai sun zo da ƙwaryar kindirmo, don a wurinsu ba a zuwa duba marar lafiya hannu rabbana. Ina zan iya kallon idon tsohuwa in ce ta koma da ƙwaryarta a cike? Ga Baba ya ƙi tuwo, ya ƙi gwate, amma da ya ga nono sai fuskarsa ta washe. Na riƙa dama masa fura, yana sha yana sa mini albarka.

Ƙaiƙayi ya fara, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Da likita ya tambayi abin da yake ci, na sunkuyar da kai. Ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, amma na ƙara wa ƙodar kaya. Baba bai ga girbin citta ba.

Bayan jana'iza na faɗa wa amininsa gaskiya. Ya ce da na gaya masa, da ƙafarsa kawai zai riƙa kawowa, ai abokinsa yake so ya ƙara kwana.

Ina kewar Baba. Ina kewar muryarsa in yana rera waƙar sujada yana wanke fuska, da yadda yake tsokanata wai na fi hedimasta faɗa. Masu jinya, nono abinci ne mai kyau, amma mai ciwon ƙoda sai da awon likita. Ku faɗa wa masu zuwa dubiya tun ranar farko. Kunyar minti ɗaya na guje wa, ga ni da kewar da ba ta da ranar ƙarewa.