Yaya Inuwa da Rijiyar Onarabul

Har yau idan na ji wani a Gyaɗi-Gyaɗi ya ce yayana Inuwa ne ya hana unguwa ruwa, sai zuciyata ta tafarfasa.

Injiniya ne, ya yi shekaru a Kudu yana aiki da wani kamfanin mai. Aikinsa ɗura ruwa cikin ƙasa. Idan rijiyar mai ta fara ja da baya, sai a tura ruwa ta wata rijiya kusa da ita, ruwan ya koro ragowar man zuwa inda ake zuƙa. Shi ke faɗin rijiyar da za a bai wa ruwa da yawan da za ta sha. Amma fa ba wanda ya taɓa leƙa can ƙasa. Ka matsa da yawa, ruwan ya samu tsaga a dutse ya wuce, ya bar man a baya. Shi ya sa bakinsa ya saba da "wataƙila". Ko miya ka tambaye shi ta yi gishiri, sai ya tsaya ya auna. Tsiya kam ya sha ta a wurina.

Ya yi ritaya ya dawo gida shekarar da soja suka miƙa mulki. Lokacin famfonmu ya daɗe da ƙafewa, 'yan garuwa ne ke rufa mana asiri. Sai ga wani ɗan siyasa da ya ci zaɓe, muna ce masa Onarabul, ya yi alkawarin rijiyar burtsatse. Ya kwaso dattawa har zauren Yaya.

"Injiniya, kai da ka san cikin ƙasa, nuna mana inda za a haƙa."

"Ranka ya daɗe, ni ba na ganin cikin ƙasa," in ji Yaya. "A ɗauko masu na'ura su auna tukuna."

"Haba Injiniya! An riga an sa ranar buɗewa."

Dattawa suka yi masa caa, wai girman kai ne, wai don gidansa yana da tanki. Da kunya ta ishe shi, ya zagaya da su, ya tsaya a wani fili. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji ya ce, "Nan ya fi kama, amma ana iya rasawa. Ku shaida na faɗa." Duk suka gyaɗa kai.

Aka haƙa, aka haƙa, sai garin dutse. Onarabul ya hau mota da lasifika yana cewa shi ya cika alkawari, masani ne ya zaɓi wuri. Dattawan nan da suka gyaɗa kai, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wannan shirun nasu ya fi ƙona min rai, don Onarabul dama ƙarya sana'arsa ce.

Mutumin da aka haifa a unguwar nan ya koma idan ya yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki-ciki. Na ce ya fito ya tona musu asiri. Ya ce, "Lami, ai ni na nuna wurin." Kamar in shaƙe shi don haushi.

Bayan salla aka ɗaura auren 'yarsa Muhibbat. Ya bi gida-gida da kansa ya kai goron gayyata. Ranar ɗaurin auren da hantsi ya tsaya a ƙofar gida cikin babbar riga, yana duban bakin layi. Tabarmin da muka shimfiɗa wa mutanen unguwa, haka muka naɗe su ba wanda ya taka.