Ta tafi Ƙwanni ba mu kai Saratu allura ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ina fitowa daga masallaci, aka bugo mini waya daga Ƙwanni cewa Allah Ya karɓi ran Hajiya Luba. Ta je duba 'yarta da ta haihu, zazzaɓi ya kwantar da ita, kwananta ya ƙare jiya da la'asar. Kafin magariba an suturta ta a can.

Ko sallarta ban samu ba.

Na koma gida na zauna a zaure, ina neman wanda zan faɗa wa, sai na ga wadda ta fi cancanta ta ji labarin ita ce maiɗakina, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa nake faɗa muku.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Hajiya Luba aminiyar maiɗakina ce tun suna 'yan mata. Ita ke wankan gawar mata a unguwarmu. Ita ce kuma mai ɗauko mini tambayar matan da kunya ta hana su zuwa da kansu. Takan tsaya bayan labulen zaure ta yi sallama, sannan ta ce, “Allah gafarta Malam, wata mata ta aiko ni.” Ban taɓa tambayar ko wace ce ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Mafi yawan tambayoyin a kan jini ne. Mace ta ga jini ya wuce kwanakinsa, ko ya dawo bayan shekarun haihuwa sun shuɗe, abin da ke damunta shi ne sallarta. Nakan ba da amsa yadda malamanmu suka karantar da mu, cewa wannan jinin cuta ne, ba na haila ba, ta tsarkake jikinta ta yi sallah.

Wata rana na gama amsa, ban ji tafiyarta ba.

Ta ce, “Malam, ka ba sallah haƙƙinta. Ita mai sallar fa? In nik kai mata wagga amsa, hankalinta kwanciya za shi yi, ta zamna ɗaka da ciwonta.”

Daga ranar muka yi yarjejeniya. Ni in faɗi hukunci, in rufe da cewa ta tafi asibiti, ita kuma ta kai saƙon da sunana, domin miji ya fi saurin ba da izini idan aka ce Malam ne ya ce.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba, kuma sai da na nemi yardar 'ya'yana. Sankarar bakin mahaifa ce ajalin maiɗakina. Da muka kai ta Sakkwato, likitoci suka ce ciwon ya yi nisa. Hajiya Luba ce ta yi jinyarta tare da mu, ita ta wanke ta, ita ta sa ta a likkafani.

Bayan an watse zaman makoki, kowa ya koma harkarsa, ita ce ba ta manta da gidan ba. Duk Juma'a sai ta aiko da miyar busasshen kifin tafkin Kalmalo, ba yaji, domin ta san cikina. Idan muna gaisawa takan ambaci marigayiya da sunan da iyayenta ke kiranta tana ƙarama. Yau babu sauran mai sanin wannan suna a garin nan sai ni.

Da aka kawo allurar rigakafin wannan cuta, wadda ake yi wa yara mata daga shekara tara zuwa sha huɗu, magana ta yi yawa a majalisu. Wasu suka ce tana hana haihuwa. Wasu suka ce tunda ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar cutar, duk wanda ya kai 'yarsa ya tuhume ta ke nan tun ba ta san komai ba. Wannan ta biyun ita ta tsaya wa ɗana Nasiru a rai, shi ne mahaifin jikata Saratu. Ya ce mini cikin ladabi, “Baba, mi mutane za su ce? Ɗiyar gidan malamai cikin wanga layi?”

Ban matsa masa ba, domin shi ne uba. Na nemi wani likita da ya yi karatun allo a hannuna, na tambaye shi yadda nake tambayar kowace mas'ala kafin in buɗe baki a kanta. Ya bayyana mini cewa ƙwayar cutar ta yaɗu cikin mutane ƙwarai, mace tana iya samunta a ɗakin aurenta na halal, mijin ma bai san yana ɗauke da ita ba, kuma ana yin allurar tun da wuri ne domin jiki ya shirya kafin lokacin aure. Ya ce ba ta taɓa haihuwa. Na natsu da bayaninsa. Neman kariya bai taɓa saɓa wa tawakkali ba, kuma shari'a ba ta tuhumar mace saboda ciwo ya same ta. Wadda na zauna da ita tun ƙuruciya shaida ce a wurina.

Ganinmu na ƙarshe da Hajiya Luba ranar Lahadi ce, gari cike da 'yan kasuwa, ta zo yi mini sallama za ta ƙetara iyaka zuwa Ƙwanni. Saratu na zaure tana tilawa, ta tsokane ta: “Amaryar Malam, har yanzu angon naki bai kai ki an tsira maki allura ba? Rowa ta ko tsoro?”

Yarinyar ta ce, “Shi ka tsoron allura, ba ni ba.”

Muka yi dariya. Sannan Hajiya ta sassauta murya.

“Malam, mai wankan gawa ba ta faɗin abin da tag gani, kai kak karantar da ni hakanan. Bakina ɗaure shike. Naka ba a ɗaure shi ba. Kada ka yi wa'azi, sun ji wa'azi. Ka kama hannun yarinyag ga da rana tsaka, ku bi ta bakin kasuwa, a gan ka.”

Na ce sai ubanta ya yarda.

Ta ce, “To ka lallashe shi. In na dawo mu tai tare, ni in shiga cikin mata, kai ka tsaya inda za a gan ka.”

Ɗazu Nasiru ya shigo yi mini gaisuwa. Ya zauna muka yi wa Hajiya Luba addu'a tare, domin shi ma a bayanta ya yi wayo. Ban tayar da maganar allurar ba. Da zai tashi, yana neman takalminsa, ya ce, “Baba, gobe ka kai Saratu. Ni ban iya tsayawa wurin, amma ka kai ta.”

Saboda haka gobe da hantsi, in Allah Ya kai mu, zan kama hannun Saratu mu tafi asibitin garin nan. Ban san yadda ake bin layin ba, ban san wadda zan yi wa magana ba, mai shigar mana gaba tana kwance a Ƙwanni. Duk uban da kunya ta hana shi kai tasa, ya turo ta ƙofar gidana da izininsa, in haɗa su in tafi da su.

Ya Allah, baiwarKa Lubabatu ta rufa asirin matattunmu, Ka rufa nata. Ka wanke ta daga kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sada ta da aminiyarta a Aljannar Firdausi. Ka raya jaririn da ta je gani, Ka tsare 'ya'yanmu mata daga wannan ciwo.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ambace ta cikin sujadarsa ta yau. Ni ma ku sa ni a ciki, gidan ya yi mini faɗi.