Rijiyar da ba ta kakanmu ba

Shekarun baya, ina ajin farko a jami'a, abokina ya shiga wani tseren dawaki na dogon zango da masu gonaki ke shiryawa a bayan dutsen Uhudu. Ba gudu ake nema ba, juriya ce: a yi tafiya mai nisa, a tsaya likita ya auna bugun zuciyar doki, sannan a ci gaba. Ni ko kusa da doki ba na zuwa. Sunan tseren ne ya dame ni, domin da sunan wata rijiya ake kiransa, rijiyar kuma ana danganta ta da mutanenmu, Takari, Hausawan da suka zo suka zauna a nan.

Na yi kuskuren faɗin haka a gaban kakata, a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas. Ta ajiye kofin shayi.

"Ta Baba ce! Da ya iso da ƙafa daga ƙasar Hausa, rijiya ya haƙa wa wani Balarabe a can. Maigida, kai da ba ka da aiki sai littafi, je ka tabbatar min."

Na yi ta bincike. Na gano yawancin irin waɗannan tsere sunan dutse suke ɗauka, ko kwari, ko wanda ya sa kyauta. Kan wannan rijiya babu komai. Dole abokina ya ja ni wurin wani tsoho, mai gonar da rijiyar take ciki, shi ya yi tambayar ma, ni ina kallon takalmina.

Tsohon ya yi dariya. Ya ce wani mutumin Chadi ne ya haƙa masa ita da inji, bai daɗe ba, yana nan da ransa. A nan ake shayar da dawaki, shi ya sa sunan ya bi tseren.

A hanya abokina ya ce, "Halas, shi ke nan, ka ce mata ta babanta ce. Wa zai sani?"

Ban iya ba. Na faɗa mata yadda yake.

"Da inji?"

"Da inji, Kaka."

Ta ce, "Tayyib, na ji. Ba ita ba ce. Baba da hannu ya haƙa tasa. Sai ka nemo min ita."

Ban samo ba har ta rasu. A da ina ɗauka bincike yana ƙarewa ranar da ka gano gaskiya. Yanzu duk tsohuwar rijiyar da na gani a bakin hanya, sai na tsayar da mota na tambayi wanda ya haƙa ta.