Hancin Goggo

A ɗakin gwaje-gwajen kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Aikinta auna abin da ke cikin ganye da saiwar da masu maganin gargajiya ke kawowa. Ta shanya, ta niƙa, ta jiƙa garin a sinadari mai hawa kai, ta tace, ta ɗura wa na'ura, na'ura ta faɗi yawan man ƙamshin da ke ciki. Da ƙuruciya kuwa hanci gare ta na ban mamaki. Tun buhu na bakin ƙofa take cewa ganyen nan ya sha ruwa, a mayar da shi.

Akwai fankar da ke zuƙe tururin sinadarin ta fitar waje. Ta lalace tun 'yar Goggo tana firamare. Goggo ta yi magana, aka ce za a duba. Ta sake yi, aka ce ta buɗe taga. Shugabanni suka yi ta zuwa suna tafiya, kowanne da sabon labulen ofishinsa, tsuntsaye kuma suka yi sheƙa a bututun fankar. An ce haƙuri maganin zaman duniya, sai dai shi ne maganin da ba wanda ya taɓa kawo mata ta auna illarsa.

A hankali hancin ya tafi. Turare ne ya fara ɓace mata, sai albasa, daga baya ko ƙaurin girki ta daina ji. Ba ta gaya wa kowa ba, don kunya take ji, ita da aikinta ke nan auna ƙamshi.

Abin da ya rage mata na daɗi shi ne jikanta, wanda 'yar ke bar mata duk Asabar. Wata Asabar gas ya yi ta tsiyaya a kicin, Goggo na falo tana yi wa yaron wasa. Maƙwabciya ce ta jiyo warin daga waje, ta banko ƙofa tana salati. Allah ya tsare, ba abin da ya sami kowa.

Da 'yar ta zo, ta ce, "Mama, wallahi na san ba laifinki ba ne. Amma ba zan iya sake bar miki shi ba. Ki riƙa zuwa wajenmu kina ganinsa."

Goggo ba ta yi musu ba. Gaskiya ce, kuma shi ya sa ta fi ciwo. Kafin ta miƙa yaron ta tusa hancinta a gashinsa, ta shaƙa iya ƙarfinta, ba ta ji komai ba.

Ranar Litinin a wurin aiki ta tarar da masu gyaran fanka a kan tsani, wai manyan baƙi za su zo. Kafin azahar fanka ta tashi tana ruri. Sabon shugaba ya leƙo yana murmushi.

"Goggo, kin ji yadda iskar ɗakin ta canza?"

Ta ce, "Ban ji ba, ranka ya daɗe."