Wai ƙarfe ba ya cinmu

Salamu alaikum jama'a. Masu cigiyata a nan, ga ni da raina. Waɗanda kuma suka riga suka yi mini ta'aziyya a bayan idona, sannunku da ƙoƙari, sai ku adana ta.

Abin ya faro ne shekarar da damina ta yi gardama, hatsi ya bushe a tsaye tun daga Gafati har Durum. Ina wurin waldata na ji nauyi a marainata ta dama. Ƙullutu ne kamar tsakuwa, ba ya zafi. Na ce gwaiwa ce, na ja bakina na yi gum.

Matata Hadiza ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka yi eko, wato hoton na'ura, aka ɗebi jini, aka ce in wuce Yamai. Can likita ya dube ni ya ce, "Ciwon daji ne. Sai mun cire ɗayar."

Wallahi na ji tsoro, amma kunya ta fi tsoron yawa. Aka yi aikin, na roƙi Hadiza kada kowa ya ji, ko Inna. A gida abin da aka sani kawai, ina Yamai ana ba ni magani.

Sai aka zo shimiyo, maganin dajin da ake ɗurawa ta jijiya. Likita ya ce da wani farin ƙarfe aka haɗa shi, sunansa platin, masu bincike ne suka gano yana hana ƙwayoyin ciwon hayayyafa. "Amma yana wahalar da ƙoda," in ji shi. "Ka sha ruwa kamar raƙumi."

Ni ɗan maƙera, abin ya ba ni dariya. Na buga waya gida na ce, "Ku ji fa, maganin ƙarfe ake ɗura mini." Bakina ya ja mini.

Kun san a wurinmu maganin ƙarfe shi ne tauri, wanda ake sha don kada wuƙa ta kama mutum. A gidanmu Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, shi ke dama wa kowane ɗa namiji a kunu. Ni ma na sha.

Na dawo Damagaram hutun tsakanin allurai a galabaice. Amai, gashi ya zube, kunne na ƙugi, bakina kamar na tsotsi ƙusa. Ga famfo ya ƙafe a unguwa. Hadiza ta sayar da tumakinta saboda kuɗin mota da na magani, kuma ita ke bin layin ruwa da bido, wato jarka, a ka don ƙodata.

Ranar nan sai ga Baffa da tawagarsa, 'yan'uwan da ko waya ba su taɓa bugo mini ba. Suka baje a tabarma, suka kwankwaɗe ruwan da baiwar Allah ta wuni tana nema, sannan aka buɗe shari'a.

"Kai yaro, ka dubi kanka," in ji Baffa. "Ƙarfe ba ya cin jinin gidan nan. Sun zuba maka ƙarfe, taurina ya tare shi, shi ne suke dambe a cikinka. Ka koma, gawarka za a kawo."

Wani ya ce ai ya ji ma sai da malamar asibiti ta yi ta soka allura kafin ta shiga. Jijiya ce ta ɓuya don rama, amma ina! An samu hujja. Mutanen da ba su iya karanta ordinas, takardar magani, ba, ranar nan kowa ya zama farfesa.

Inna ta fashe da kuka. "Ɗan nan, in na isa da kai, ba za ka koma ba."

Nan ne hankalina ya tashi. Surutun Baffa ko a jikina, amma maganar uwa ba a tsallake ta. Ga shi likita ya gargaɗe ni, in na yanke magani a tsakiya ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

Na dubi Hadiza, ta sunkuyar da kai. Na roƙi matan da ke wurin su ba mu wuri. Na miƙe da ƙyar, na ɗage riga, na sassauta mazagi, na nuna tabon da ke matsematsina.

"Baffa, ga inda wuƙa ta ci. Likita bai yi tsafi ba, bai karya komai ba. Ya yanka ni kamar kabewa, ya cire ɗaya. Taurin naka yana ina ranar?"

Kowa ya leƙo ya ga tabon. Can Baffa ya ce wai wuƙar Nasara daban ce. Kayya!

Inna tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta kira ni ta ce, "Tafi ka ƙarasa. Allah ya raka."

Kafin magariba labarin ya gama unguwa. An yi mini suna, na sani, har a fadar samari ana ƙus-ƙus in na wuce. Ku ci gaba, ba a biyan haraji a kan baki.

Na ƙarasa allurai. Aka sake analis, wato gwajin jini, aka sake, likita ya ce babu alamar ciwon, sai dai in riƙa zuwa ana dubawa. Kunnena har yau yana ɗan ƙugi. Na koma waldata.

Baffa kuwa, ina jin yanzu yana faɗa wa mutane taurinsa ne ya riƙe ni. Tir.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitocin nan da alheri. Hadiza, ba ni da bakin gode miki. Inna, Allah ya ƙara girma.

Maza, ku riƙa taɓa jikinku in kuna wanka. Kun ji ƙullutu, ko ba zafi, ku tafi asibiti a makon. In an fara muku shimiyo ku sha ruwa, kada ku yanke don maganar 'yan tabarma.

Wanda kunya ta hana shi, ya same ni a wurin aiki in raka shi. Ɗaya ta rage mini, duk Damagaram ta sani, kuma 'ya'yana ba marayu ba ne.