Yanar Ido a Gidanmu

Duk lokacin da na ji warin kalwa a kan wuta, sai in tuna ɗakin girkin kakata a ƙauyenmu na yankin Kuyello. Daddawa ce sana'arta. Da damina ba a iya hura wuta a tsakar gida, saboda haka a wannan ɗaki marar taga take dafa kalwa da jiƙaƙƙen icen daji, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin fuskarta. Idan na leƙa ina tari, sai ta ce, "Kai maigida, ragon miji! Hayaƙin ma tsoronsa kake?"

Sannu a hankali baƙin idonta ya fara yin fari. Mutanen gida suka ce gado ne, domin mahaifiyarta ma haka ta ƙare. Aka kirawo wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, ya sa tsinken ƙarfe ya tura yanar cikin idon. Ta ga haske, har ta yi guɗa. Ba a daɗe ba idon ya kumbura, ya yi ta zubar da ruwa, bai sake gani ba.

Ba na so in faɗa maka abin da ban tabbatar ba. Iyakar abin da na karanta, tsufa ne babban dalilin yana. Gado yana da hannu, haka ma ciwon suga da daɗewa cikin hayaƙi ko hasken rana mai tsanani. Ba zan iya rantsewa a kan wanne ya fi cutar da kakata ba. Abin da na sani shi ne, a asibiti ana cire yana, mutane da yawa su koma gani.

Yanzu kuma mahaifiyata ce, wadda ta gaji sana'ar da ɗakin. Ƙanwata ta ce sai ta yi magana mahaifiyarmu take gane ta. Asibitin da ake cire yana a Kaduna yake, hanyar kuwa ta cikin daji ta bi, inda ake tare motoci.

"Ba za a ɗauke min ɗa a hanya saboda idona ba," in ji mahaifiyata a waya. "Masu tsinke har gida suke zuwa."

Na roƙe ta don girman Allah kada ta bari a taɓa idon, har in sami ayarin motoci mai rakiya. Ta ce za ta jira ni zuwa girbi.

Jiya ƙanwata ta gaya mini dawa ta fara nuna.