Dutsen Rawaya a Rijiyar Maigari Ila

Natanayilu mahaƙin rijiya ne, sana'ar da ya gada. A Tanut aka haife shi, cikin 'yan gidajen Kiristocin garin, kuma tun bai yi gemu ba ubansa ya ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi rami. A Damargu ruwa ba ya kusa. Mutum kan yi ta sauka har bakin rijiya ya koma kamar faifai a samansa, ƙasa kuwa ba ta ko yi sanyi ba. Daga Belbeji zuwa Tenhiya makiyaya sun san shi, Nata suke ce masa.

Sau ɗaya ya taɓa barin sana'ar. Shekarar da labarin zinariya ya cika ƙasar, shi da ƙanensa Shadrak suka bi mota ta Agadas zuwa ramukan arewa. Can ya ga yadda zinariya take kwanciya cikin jijiyar farin dutse, sau da yawa tare da wani dutse rawaya mai kusurwa kamar ƙwayar sukari, wanda ya fi ta ɗaukar ido. Ya kuma ga abin da ke faruwa idan aka bi jijiya ta gefe babu tokari. Shadrak yana ciki ranar da raminsu ya rufta. Natanayilu ya dawo gida shi kaɗai, ya koma rijiya.

Bara da rani Maigari Ila, na wani ƙauye yamma da Gangara, ya aika masa. Ƙauyen ba shi da ruwa. Mata kan kora jakuna zuwa rijiyar makiyaya mai nisa, su jira raƙuma su gama sha. Gari ya tanadi siminti da hatsi, maza suka ɗauki jan guga. Aka yi da shi Juma'a ba aiki, Lahadi kuma zai tafi sujada Tanut.

Sun yi nisa ƙwarai lokacin da suka shiga baƙar laka mai tauri. Wata ranar Asabar, Falalu, ɗan wan maigari, magidanci mai iyali, ya juye guga ya ga abu yana walƙiya.

"Baba Nata, fito ka gani! Kakarmu ta yanke saƙa!"

Kafin a jawo shi sama gari ya taru. Natanayilu ya karɓi dutsen, ya juya shi a tafin hannu, nan take ya gane shi. Ya ɗora shi kan dutsen niƙa, ya sauke masa guduma. Dutsen ya tarwatse ya zama gari.

"Zinariya ba ta fashewa," ya ce. "In ka doke ta, bajewa take yi kamar dalma."

Ya goga wani guntu a bayan tukunyar ƙasa, ya bar baƙin zane. Ya jefa wani cikin garwashi, sai wari irin na ashana ya tashi. Inna Mariyama, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana bin hanyar ruwa, ta toshe hanci da gyale.

"Wannan arziki naku wari gare shi, Falalu."

Aka yi dariya, ban da Falalu.

"Baba Nata, kai ka je arewa. Tsakani da Allah, inda ake samun wannan ba a samun ta gaske?"

Natanayilu ya san in ya ce a'a magana ta ƙare. Amma dattijo ne a cocinsu, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya a bakin rijiya ba.

"Ana samu. Sukan zo tare, amma cikin farin dutse. Nan laka ce. Ban taɓa ganin zinariya cikin irin wannan ba."

Farkon maganar kaɗai suka ji.

Da ya dawo daga Tanut ranar Litinin ya sauka, sai ya tarar masu neman zinariya sun haƙa kogo ta gefe, daidai ƙarƙashin na ƙarshe cikin zobban simintin da ke riƙe bangon rijiyar. Ƙasar da zoben ke zaune a kai aka kwashe, har ya fara karkata. Idan ya zame, duk na samansa za su biyo shi, aikin watanni ya tafi, da duk wanda ke ciki. Ya daɗe tsugune a gindin rijiyar kafin ya girgiza igiya a jawo shi.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa maigari gaban jama'a, "in kogon nan ya ƙara kamu guda, babu rijiya."

Maigari ya sunkuyar da kai. "Malam Nata, gero bai yi ba. Da wane baki zan hana su?"

"Kada ka hana su. Duk ƙasar da ta fito tasu ce, a tara musu gefe guda. Sai dai garin zinariya ba a ganinsa a bushe. Wankewa ake yi cikin ƙwarya, laka da dutsen rawaya su bi ruwa, mai nauyin ta zauna a gindi." Ya juya ga Falalu. "Da wane ruwan za ku wanke? Na jarkar Inna?"

"Wanda ya taɓa jarkata," in ji Inna Mariyama, "zai ga walƙiya ba ta dutse ba."

Falalu ya ce, "In ruwa ya zo, da hannunka za ka wanke mana?"

"Da hannuna. In an samu, ni zan fara faɗa."

Suka cike kogon da duwatsu da siminti. Ya sa aka toshe sashen baƙar lakar sosai, don dutsen rawaya yana ɓata ɗanɗanon ruwa. Bayan haka maza suka ja guga da ƙarfin da bai taɓa gani ba. Gab da damina yashi ya fara fitowa da danshi, sannan ruwa ya ɓuɓɓugo.

Ya cika alkawari. Yini guda yana juya ƙwarya a bakin rijiya, suna leƙe ta kafaɗarsa. Babu abin da ya zauna a gindi sai baƙin yashi. Suka watse. Bayan girbi Falalu da wasu biyu suka hau motar Agadas, har yau ba su dawo ba.

Rijiyar tana nan tsaye. Ruwanta yakan ja baya da la'asar, ya dawo da safe, kuma ya ishi gari. Ramla, matar Falalu, tana cikin masu fara zura guga.